Wutar da Babana Ya Hura

Idan aka ambaci Gombe, ba babbar kasuwa nake fara tunawa ba, ba kuma motocin auduga ba. Murhu nake tunawa, duwatsu uku baƙi ƙirin a gindin katanga, can ƙuryar wani gidan haya a Tudun Wada, inda muka zauna ni da kakata Tabita. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara. Mu biyu ne rak a ɗakinmu, mu kaɗai ne kuma Kirista a gidan. Sauran 'yan hayar Kanawa ne da Katsinawa, 'yan tireda da teloli, sai tsohuwa mai gidan, Dada Mairo, Bafulatanar da takan ce tun garin bai kai ya kawo ba iyayenta suke nan. Tsakani da Allah ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza. Amma da an idar da sallar magariba kowa ya shige cikin iyalinsa, sai ka ji hira da dariya ta kowace ƙofa, mu kuwa sai ƙarar itace a wuta. Tun ban san sunan abin ba nake jin kaɗaici.

Kakana daga ƙasar Tangale ya zo neman aiki a gidan gurzar auduga, ya rasu tun ba a haife ni ba. Babana Dauda shi ne ɗansu namiji tilo. Ina 'yar tatata ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa. Ban riƙe fuskarsa ba. Abin da na sani game da shi duk daga bakin Kaka na ji, kuma abin da ta fi maimaitawa shi ne safiyar tafiyarsa. An kwana ana ruwa, murhu ya jiƙe sharkaf. Shi ya tashi ya faskara itace, ya durƙusa yana hurawa har idanunsa suka yi ja, wuta ta kama. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Mama, kada ki bari ta mutu, da ita za ki dafa mini tuwon dawowa."

Wasa yake yi, kowa ya san wasa ne. Kaka ce ba ta ɗauke shi wasa ba.

Yaƙi ya ƙare, jirgin ƙasa ya yi ta sauke 'ya'yan mutane a tasha, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da rediyo a kafaɗa. Babana bai sauko ba. Wani ya ce ya gan shi a bakin wani kogi, wani ya ce a asibiti, ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Uwata ta yi jira iyakar ƙarfinta, daga baya danginta suka zo suka tafi da ita, ta yi wani auren. Ni aka bar ni, don ɗa na gidan ubansa ne. Dattawan ikilisiya sun sha zuwa, su zauna kan tabarma suna jujjuya hula, su ce, "Mama, a bari a yi masa addu'ar sallama, zuciya ta huta." Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Wa ya rufe shi? In kun kawo mini wanda ya zuba masa ƙasa, sai mu yi magana." Muddin wutar nan tana raye, a wurin Kaka Dauda yana raye. Ni ma haka na yarda, don ba ni da wani uban sai wutar.

Yaran yanzu ba su san riƙon wuta aiki ba ne. Kaka ba ta yarda da kara, takan ce wutar kara ta masu gaggawa ce. Ƙirya take nema ko marke, ko da kuwa za ta rage cefane. In an gama tuwo sai ta zaɓi garwashi mafi nauyi, ta tura shi tsakiyar murhu da ɗan tsinke, ta ja toka ta binne shi, ta kifa fasasshiyar tukunya a kai, ta bar wata 'yar kafa don ya sha iska. Da damina a kasko take kwashe shi ta shigo da shi ɗaki, mu kwana muna tari. Wanda bai sani ba, in ya dubi murhun da safe zai rantse ba komai cikinsa. Sai ta sa yatsa ta tona, ta ɗora kirare, ta hura, ka ga ja ya buɗe ido.

Saboda haka ne matan gidan, har da na maƙwabta, suke zuwa ɗibar wuta wurinmu. Da sassafe za ka ji sallama, wannan da tsingaro, waccan da murfin kwano. Dada Mairo kullum ita ce ta farko. Ba mai zama, ai shi ya sa ake ce wa mai gajeriyar ziyara ko wuta ya zo ɗauka. Amma kafin a kwashi garwashi an gaisa, an tambayi jiki, an yi tsegumin tsadar gishiri. Wannan ɗan lokacin shi ne kasuwar Kaka, shi ne danginta.

Da yamma kuma, bayan tuwo, kafin a rufe wuta, sai tatsuniya. Da farko yaran gidan sukan kewaye mu. Da Malam Sani tela ya sayi rediyo mai cin kaset, duk suka koma ƙofar shagonsa, aka bar ni ni kaɗai. Kaka ba ta fasa ba. Sai dai ta gyara buɗewar, ta daina cewa ga ta nanku. Takan dube ni ta ce, "To Takwara, ga ta nan, ga ta nanki, tunda ke kaɗai Allah ya bar mini." Ni kuma in ce ta zo in ji ta. Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai ɗaya da ta fi dawowa, musamman in jirgi ya yi kuka ya wuce ba wanda ya yi sallama.

Wai a wani gari aka yi marka har wuta ta mutu a kowane gida. Ba girki, ba ɗumi, yara na kuka. Aka ce akwai wani tsoho a kan dutse, can nesa, wanda wutarsa ba ta mutuwa, kuma ba ya hana kowa. Aka tura wani saurayi mai gudu kamar barewa. Tsoho ya zuba masa garwashi a tsingaro, ya ce ya rufe da toka. Saurayi ya ce ba shi da lokacin toka, ya zura da gudu. Iska ta yi ta hura garwashin, ya yi ta ci bal-bal, kafin ya kai rabin hanya ya cinye kansa. A nan Kaka takan taɓe baki ta ce, "Sauri ya haifi nawa."

Aka tura wata mata mai wayo. Ita ta rufe da toka, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta yi 'yar tafiya sai ta tona ta duba, ta ƙara gaba ta sake tonawa. Duk tonawar da ta yi sai ɗigon ruwa ya faɗa, har ya ƙarasa kashe shi.

Daga nan ba wanda ya rage sai wata yarinya marainiya mai ɗingishi, wadda ba a ko lissafa ta cikin mutane. Ta hau dutsen da rarrafe. Tsoho ya zuba mata, ya rufe da hannunsa, ya ce, "Kada ki yi gudu, kada ki tona. In shakka ta kama ki, ki saurari tafin hannunki." Ta kamo hanya. Ruwa ya dake ta, ƙaya ta soke ta, dare ya same ta a daji ita kaɗai, kuraye na kuka. Mutanen da ta gamu da su suka yi ta mata dariya, suna cewa toka take dako. Ita ba ta ganin komai sai toka, amma tana jin ɗan ɗumi a ƙasan tsingaron, da shi ta riƙa sa ƙafa gaba. Da ta isa gari aka tona, sai ga garwashi ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Da shi aka hura wa gari duka wuta.

"Haka bangaskiya take, Takwara," in ji Kaka. "Yesu bai ce za ki riƙa gani ba. Ɗumin nan ya ishe ki." Sa'an nan ta ce, "Ta ƙare, a rufe wuta," ta jawo toka.

Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da bin diddigi, har yau ma 'ya'yana suna kuka da halin. Nakan ce, "Kaka, to in da an tona aka tarar ta mutu fa?" Sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ke dai kin cika tsurku. Tashi ki kwanta." Na yi tambayar nan ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa amsawa ba.

Ana nan sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Gombe ta cika da 'yan kwangila da sababbin babura, aka yi ta cire jinka ana buga kwano. Risho ya shigo gidanmu ɗaki bayan ɗaki, kowace mace da kwalbar kananzir da kwalin ashana. Masu sallamar safe suka yi ta raguwa har suka ƙare. Ba faɗa aka yi ba, buƙata ce ta kau. Kaka takan tona wutarta ta zauna tana kallon ƙofa, ni kuwa abin yana cina a rai. Dada Mairo kaɗai ta rage. Ɗanta ya saya mata risho mai baki biyu, na gan shi da idona a ɗakinta an lulluɓe shi da zane, amma kullum sai ta zo da tsingaronta tana cewa tuwon risho warin mota yake yi.

Cikin wannan lokacin ne Goggo Rifkatu ta zo, ƙanwar babana, malamar makaranta a Bauchi. An ƙara musu albashi, ta zo wa uwarta da atamfa da sabon risho shuɗi. Ta daɗe tana faɗa cewa hayaƙi zai makantar da Kaka. Ta san maganar da babana ya yi ranar tafiyarsa, amma ba ta taɓa zaton wutar ranar ce ake ta jan ranta har yanzu ba, don Kaka ba ta faɗa wa kowa ba sai ni. Da rana ta iso, Kaka tana taron zumuntar mata, ni ina makaranta. Goggo mace ce mai tsabta da zafin nama. Ta dubi murhu ta ga tarin toka da fasasshiyar tukunya, ta ce wannan ƙazanta ta isa. Ta kwashe tokar ta zubar a kwata, ta sheƙa ruwa, ta wanke duwatsun tas, ta ɗora risho a wurin don uwarta ta dawo ta yi murna.

Tare muka shigo da Kaka. Ta tsaya cik. Ban taɓa ganin duwatsun nan a jiƙe da rani ba. Ta durƙusa ta sa hannu a tsakiyarsu, ta daɗe, kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

"Rifkatu, ina tokar?"

"Na zubar, Mama. Ai ba komai a ciki, sanyi ƙalau. Dubi abin da na kawo miki."

Ni na fashe da kuka, ni na faɗa wa Goggo abin da ta zubar. Ta ɗora hannu a ka, ta ruga kwata tana tona caɓi da yatsu, tana cewa, "Wayyo Mama, ban sani ba, ki yafe mini." Kaka ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Tashi, kada ki ɓata kayanki." Ta shige ɗaki.

Ranar ba a yi tuwo ba. Goggo ta kunna rishonta ta dafa shinkafa, ba wanda ya ci. Da magariba ta wuce Kaka ta fito ta zauna inda ta saba zama, gaban murhun da ba wuta. Na zauna kusa da ita. Gidan yana ta hayaniyarsa, kaset na tashi daga shagon tela, mu muna cikin duhu. Ban taɓa jin maraici irin na ranar ba, ji na yi yau ne aka kashe mini uba. Can sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa da harshen Tangale, ba da ni ba. Na tsinci kaɗan. Cewa take, "Ubangiji, na riƙe, ka ga na riƙe. Me ya rage ban yi ba? Ko ka manta da ƙofar nan ne?" Ta yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti sai kafaɗu.

Da ta lafa, sai ta share fuska da bakin zane ta ce, "Takwara, tambayar nan taki."

Na ce, "Wacce?"

"In an tona aka tarar ta mutu." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Na ƙi amsa miki ne don ni ma tsoron amsar nake. To ga ta. Sai yarinyar ta juya ta koma kan dutsen. Wanda ya ba ta ta farko bai ƙaura ba."

Na ce, "Da ɗingishin nata?"

"Da ɗingishin nata." Ta jawo ni jikinta. "Na ɗauki ran ubanki na ɗora kan garwashi, kamar ni ke riƙe da shi. Ni wace ce? In yana raye, ba tokata ta raya shi ba. In ya mutu, ba ruwan Rifkatu ya kashe shi ba. Yana hannun da yake tun farko."

Washegari da asuba muka ji sallamar Dada Mairo. Kaka ta amsa daga ɗaki ta ce, "Dada, yau sai haƙuri, ba wuta."

"Wa ya ce miki nema na zo?" Ta shigo tana tafe a hankali, tsingaro a hannu biyu, an rufe shi da toka. "Jiya da safe a nan na ɗiba, da ita na yi tuwon dare. Da na ji abin da ya faru na binne ta yadda nake ganin kina yi. Ga ajiyarki, Tabita. Shekara da shekaru ina cin arzikinta, yau kya ce ba ni da rana?"

Ashe ta sani. Ba wanda ya gaya mata, ido kawai ta sa. Kaka ta karɓa, ta tona, ga shi nan ja. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Dada, Allah ya saka miki." Dada Mairo ta ce, "Amin. Ki hura mana, ni sanyi nake ji." Na yi zaton shi ke nan, za mu koma yadda muke. Amma ran Lahadi bayan sujada sai Kaka ta tsaya a ƙofar majami'a ta jira dattawa, ta ce musu su sa ranar addu'ar sallamar babana.

Ranar addu'ar gidanmu ya cika, 'yan ikilisiya a tsakar gida, mazan gidan da maƙwabta a kan tabarmi a waje suna karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwansu ne. Mata suka ce Kaka ta zauna su yi girki, ta ƙi. Ita ta ɗora babbar tukunya kan duwatsun nan uku, ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, ta kaɗa miyar kuka, Goggo na miƙa mata itace. Wata daga cikin matan zumunta ta ce, "Mama, mai makoki ba ta tuƙi." Kaka ta ce, "Alkawari ne. Ya ce da wutar nan zan dafa masa tuwon dawowa. To ya koma gida, riga ni isa kawai ya yi."

Babana bai dawo ba. Ban taɓa sanin inda ƙasa ta rufe shi ba, har Kaka ta bi shi ina aji na ƙarshe a makarantar horon malamai. Na daɗe ina jin haushin shekarun da ta ƙona tana gadin garwashi, ina cewa a raina an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ita ta dafa, ina romon? Sai da nawa ya same ni na daina wannan lissafin. Mijina ya yi doguwar jinya, na yi azumi, na yi addu'a har muryata ta dushe, na riƙe duk abin da ake riƙewa, ya tafi. Mutane suka yi ta ba ni labarin waɗanda suka jimre suka ga sakamako, ba wanda ya shiga kunnena. Abin da ya tashe ni daga tabarma shi ne amsar da tsohuwar nan ta ba ni cikin duhu, tun ba ta san Dada Mairo za ta zo da safe ba. Tatsuniyar ta koya mini haƙurin mai ɗauke da wuta. Kaka ta koya mini na wanda tasa ta mutu a hannu, kuma shi na fi buƙata. Har yau ina kewarta, musamman da magariba.

Da yammacin ranar addu'ar, bayan baƙi sun watse, muka zauna gaban murhu ni da ita. Ta yi mini wata 'yar tatsuniya mai ban dariya, ta kai ƙarshe ta ce, "Ta ƙare." Na jira sauran maganar, ban ji ba. Na miƙa hannu zan jawo toka, ta riƙe mini wuyan hannu. Muka zauna muna kallon garwashin yana yin fari a hankali har ya mutu don kansa.

Da gari ya waye ta miƙo mini tsingaro ta ce, "Takwara, je ki gai da Dada, ki ce ta sam mana wuta."